Rasuwar Zinariya, Fijon da Ta Ci Tseren Ƙanƙara na McLeansville

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka kumbura saboda tafiyar ƙasa da ba su saba ba, ni Sirajo Dabo Malumfashi, ɗalibin ilimin ƙasar noma a nan Greensboro ta ƙasar Amurka, a madadin iyalina da sauran Hausawan wannan gari, nake sanar da rasuwar motarmu, Zinariya, Fijo ƙirar 504. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan titin High Point Road, daidai gaban danja, bayan jinyar da ta yi tun watan Janairun wannan shekara ta 1988. Ta rasu tana da shekara goma sha biyar a duniya, goma daga cikinsu a hannuna.

An haifi marigayiyar a ƙasar Faransa, aka ƙetaro da ita teku tun tana ƙarama. Mai riƙonta na farko wani likitan haƙori ne a unguwar Sedgefield, wanda bai taɓa kai ta ko'ina ba sai filin wasan golf da coci. Da ya gaji da gyara wa maƙwabta yadda ake faɗin sunanta, sai ya kai ta wurin dillali. A can na same ta a kakar 1978, an tura ta ƙarshen layi, bayan manyan motocin Amurka masu tsawon kwalekwale, ganyen bishiya ya rufe mata gilashi. Na yi wata uku a ƙasar nan ban ga fuskar da na sani ba sai tata.

Dillalin ya ce mini, "Ka tabbata ka san irin wannan motar?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin irinta aka kai ni makarantar kwana. A cikin irinta aka kai kakata asibitin Funtuwa, mu tara da buhun dawa. Kai ne ba ka san ta ba."

Launinta irin na kunun tsamiya ne. Matata Hadijatu, da ta iso daga gida bayan shekara biyu, ita ta raɗa mata suna Zinariya, ta ce abin da aka tono daga cikin shara yana da daraja ai ya ci wannan suna.

Waɗanda suka zauna da ita za su shaide ta da haƙuri da rufin asiri. Da safe ba ta tashi da gaggawa. Sai an murɗa makulli ta ce kirrr, kirrr, ta yi shiru kamar mai tunanin ko ya dace, sannan ta yi tari biyu, tuf, tuf, ta kama. Daga nan kuma ba ta sake gardama har dare. Hon ɗinta ba mai tsawa ba ne, fiiim yake cewa, a ladabce, kamar mai sallama a ƙofar surukai. Ba ta taɓa tambayar mutum nawa ne za su shiga ba.

Amma abin da ya fitar da sunanta a wannan yanki shi ne Tseren Ƙanƙara na McLeansville, kuma ba za a iya ba da tarihin ɗaya a bar ɗaya ba.

Wanda ya kafa tseren wani dattijon Bature ne manomin taba, Mista Vernon Clapp, wanda mu muke kira Baba Kilaf. Manomin taba ba shi da aiki a lokacin sanyi sai gardama. A shekarar 1977 ya yi musu da maƙwabcinsa kan wanda zai iya kaiwa wani kanti a gindin duwatsun iyakar Virginia ya dawo a kan dusar ƙanƙara ba tare da ya faɗa rami ba. Su biyun duka suka faɗa. Shekara na zagayowa musun ya zama kwamiti, kamar yadda kowane musu ke zama idan ya daɗe a hannun Bature. Aka kafa dokoki. Ba a sa wa tseren rana, domin dusar ƙanƙarar garin nan baƙuwa ce mara alkawari, wata shekara ta zo ta kwana uku, wata shekara ko aike ba ta yi. Duk safiyar da aka tashi aka ga ta rufe hanya, ranar ce tsere. Kuma ba tseren gudu ba ne. Ana ba kowace mota bayanin hanya da lokacin da ake so ta isa kowane zango, wanda ya makara a rage masa maki, wanda ya riga lokaci shi ma a rage masa. Da na bayyana wa Malam Uwaisu, limaminmu, wannan doka, sai ya ce lallai an ƙirƙiro wasan ne don kada Bahaushe ya taɓa ci.

Shigarmu ta farko ba da niyya ba ce. A watan Fabrairun 1979 aka yi wa Alhaji Sanusi, ɗaya daga cikin Hausawan gari, haihuwa, ranar suna ta faɗo daidai da ranar da dusar ƙanƙara ta rufe gari. Mutanen Greensboro kuwa da sun ji za ta sauka sai su ruga kantuna su kwashe burodi da madara kamar an yi shelar yaƙi, su kulle ƙofa. Ragon suna yana can McLeansville a gonar Baba Kilaf, wanda a lokacin ban san shi da komai ba sai sayar da tumaki. Babu motar da ta yarda ta tashi sai Zinariya. Na ɗauki abokina Lauwali, ɗan Damagaram da ke karatun injiniya, muka fita da sassafe. Ni da shi babu wanda ya taɓa taka dusar ƙanƙara da ƙafa, balle da taya.

Muka karɓi rago, muka zaunar da shi a kujerar baya. A hanyar dawowa komai ya zama fari, gona da titi da shinge duk ɗaya. Muka yi ta zagaye har rana ta ɗaga. Can sai muka hango jerin motoci suna tafe a hankali, an manna musu lambobi a ƙofa. Lauwali ya ce, "Mon ami, abokina, bi su. Duk inda mutane da yawa suka nufa, gari ne."

Wata mata mai tuta da agogo a wuya ta tsayar da mu, ta leƙo ta tambayi lambarmu. Lauwali, wanda Turancinsa bai nuna ba tukuna, ya ɗauka tana tambayar mu nawa ne a motar. Ya waiwaya ya dubi rago, ya ɗaga yatsu uku. Ashe mai lamba uku bai fito ba ranar, matarsa ta hana shi. Matar ta rubuta, ta kaɗa tuta, muka wuce.

Daga nan duk bayan ɗan lokaci sai mu tarar da wani Bature a tsaye cikin sanyi, ya dubi agogo, ya yi rubutu, ya nuna mana hanya. Na ce wa Lauwali duk abin da ake faɗa kan mutanen ƙasar nan ƙarya ne, dubi yadda suka bar ɗakunansu masu ɗumi don su shiryar da baƙi. Tsoro ya hana ni ƙara gudu, kunya ta hana ni tsayawa, don haka na riƙe tafiya iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, wadda ashe ita ake nema. Zinariya ta hau tudu ta gangara kwari kamar a Malumfashi aka haife ta cikin ƙanƙara. Motoci masu tsada muka yi ta wucewa sun kwanta a lambatu, masu su na ɗaga mana hannu, mu ma muna ɗaga musu.

Wajen azahar hanya ta dawo da mu gonar da muka baro. Baba Kilaf ya taho da sauri ya leƙa kujerar baya, ya ce, "Me ya sami ragon? Ba na karɓar abin da na sayar."

Kafin in ba shi amsa aka fara tafi. Mun zo na biyar cikin mota kusan ashirin. Ragon ya isa gidan Alhaji Sanusi bayan la'asar, baƙi sun riga sun cinye shinkafa gaya. Malam Uwaisu ya yanke hukuncin cewa tunda rana ba ta faɗi ba, yanka ya yi. Har yau shi kaɗai ne ragon da ya taɓa kammala wannan tsere, kuma bai ji daɗin nasarar ba.

Shekara mai zuwa muka shiga da saninmu, kuma nan ne muka gane cewa sani ba ko yaushe yake da amfani ba. Lauwali ke karanta hanya. Mutum ne mai natsuwa, amma da mota ta fara zamewa sai Hausarsa ta gudu ta bar shi da Faransanci. Yana ihu, "A gosh! A gosh!" ni kuwa ina tambayarsa gosh ɗin hagu ne ko dama. Kafin mu daidaita, Zinariya ta bi ta tsakiya, ta shiga gonar wani mai kiwon kaji, ta tsaya a ƙofar akurki cikin mutunci. Ba ta taɓa tayar mana da wannan magana ba.

A 1981 dusar ƙanƙara ba ta zo yadda ake so ba. Kwamiti ya jira har watan Maris, sannan ya yanke shawarar a yi tseren a cikin taɓo. Rabin 'yan ƙungiya suka ce wannan bidi'a ce, suka ƙi fita. Tun daga ranar ƙungiyar ta rabu biyu, 'yan taɓo da 'yan ƙanƙara, kuma har gobe ba sa zama tebur ɗaya a wurin liyafar shekara. Marigayiya ba ta shiga wannan rigima ba. Ta yi tseren taɓon, ta zo ta bakwai, ta kuma ci gaba da gaisawa da kowane ɓangare.

Da Lauwali ya gama karatu ya koma Nijar, kujerar mai karanta hanya ta zama babu kowa. Na yi ta neman namiji a cikin ɗalibai, kowa ya ce yana da jarrabawa. Wata safiya Hadijatu tana zuba mini shayi ta ce, "Malam, wai lissafin nan da kuke ta faɗuwa a kai, ba nisa ne a raba da lokaci ba?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "To ai shi nake koya wa 'yan aji biyu a Katsina kafin ka ɗauko ni."

Ta sa zane biyu, da safa uku, da kwat ɗina na zuwa jami'a, ta ɗaura agogo a kan hannun riga. Ba ta taɓa ɗaga murya a cikin mota ba. Abin da kawai za ka ji shi ne, "Malam, rage kaɗan." Ko kuma, "Malam, ba kai ake jira a can ba, lokaci ake jira." Zinariya ta gane muryarta fiye da tawa. A shekarar farko suka zo na uku, ni ina riƙe da sitiyari. A watan Maris na 1983 suka ci.

Ranar ce aka gano wani giɓi a tsarin mulkin ƙungiya. Wanda ya ci tsere ana rubuta sunansa a jikin wani tsohon bokitin tatsar madara na kakar Baba Kilaf da aka shafa wa fenti ruwan azurfa, ya riƙe shi shekara guda, kuma wanda ya ci sau uku ya tafi da shi har abada. Wannan babu laifi. Amma akwai kyauta ta biyu. Baba Kilaf ya fito daga rumfar shanya taba rungume da wani abu mai girman turmi, an naɗe shi da ƙyalle, yana murmushi har kunne. Cinyar alade ce, wadda shi da kansa ya yi wa gishiri ya rataye ta shekara guda.

Hadijatu ta matso ta ce mini a hankali, "Malam, ko inuwarta kada ta faɗa kan motar nan."

Na yi wa dattijon bayani da duk ladabin da Turancina zai iya ɗauka. Fuskarsa ta yi ja kamar gauta, ya tsaya da cinya a hannu bai san inda zai ajiye ta ba, har matarsa, Misis Dorothy, wadda ita ce mai tuta da agogon nan ta ranar farko, ta karɓe ta ta ba wanda ya zo na biyu. Kwamiti ya zauna nan take ya zartar cewa daga yau idan Musulmi ya ci, talotalo za a ba shi. Da na kai wa Malam Uwaisu labari ina murna, sai ya ce, "Wa zai yanka?" Na koma da wannan tambaya, kwamiti ya sake zama. Shi ya sa da muka sake ci a 1987 muka dawo gida da talotalo mai rai a kujerar baya, yana saran kunnen Hadijatu tun daga McLeansville har ƙofar gida.

Kada a ɗauka rayuwar marigayiya duk wasa ce. Tsere yini ɗaya ne a shekara, sauran kwanakin hidima take yi. Ita ke ɗauko sabon ɗalibi daga filin jirgi da akwatinsa mai warin daddawa. Ita ke kwasar mutane zuwa Juma'a, a jera su kamar kifin gwangwani. A cikin tsananin sanyin Janairun 1985, da batiran motocin unguwarmu suka mutu gaba ɗaya, ita ta bi gida gida tana tayar da su, har da motar wani maƙwabci da ya taɓa kiranta gwangwanin Faransa. Ɗanmu Badaru saura kaɗan a haife shi a cikinta. Ta riƙe numfashi ta tsallake ramuka har ƙofar asibiti.

Yanzu ga yadda ajali ya zo.

A bana na gama rubutun digirina na uku, muka tsayar da komawa gida da damina. Na riga na yi magana da masu jirgin ruwa za a kai Zinariya Legas, daga can in tuƙa ta da hannuna har Malumfashi, ta ƙarasa tsufanta a cikin danginta, inda kowane bakanike ya san ta ciki da waje. Abu ɗaya ya rage. Mun ci tsere sau biyu, Baba Kilaf ma sau biyu. Duk wanda ya ci na bana a cikinmu shi zai tafi da bokitin har abada. Na riga na zaɓi inda zan ajiye shi a zauren mahaifina. Baba Kilaf kuwa ya rantse a gaban jama'a cewa bokitin kakarsa ba zai ƙetare teku ba yana da rai.

Dusar ƙanƙara ta sauka a farkon Janairu, mai yawa, irin wadda tsofaffi ke ba da labari. A wannan shekara Misis Dorothy ta ajiye tuta ta shiga motar mijinta tana karanta masa hanya, don ta ce ta gaji da ganin mace ɗaya tana cinye mazan McLeansville. Su aka fara saki a a-kori-kurarsu, mu muka biyo baya. Tun safe har muka juyo daga gindin duwatsu Hadijatu ba ta ce rage ba, ba ta ce ƙara ba. Da muka wuce zango na kusa da ƙarshe ta dube ni ta ce, "Malam, ko daƙiƙa ba mu zubar ba. Riƙe haka."

Akwai wata gangara da ke sauka zuwa ƙaramar gada a kan rafi. Muna shan kwana na ga sawun taya ya bar hanya ya bi ta cikin ciyawa. A ƙasa ga a-kori-kurar Baba Kilaf, hancinta a cikin ruwa, ta jingina da gaɓar rafi ta ɓangaren fasinja. Dattijon ya fito ta taga, yana tsaye cikin ruwa har gwiwa yana jan ƙofar da ba ta motsi. Misis Dorothy na ciki, kujera ta danne mata ƙafa, ruwan ƙanƙara yana shiga.

Hadijatu ta kife takardar hanya a cinyarta ta ce, "Tsaya."

Na riga na taka birki.

Baba Kilaf ya ɗago ya gan mu, ya yi mana ihu mu wuce, mu turo masa taimako daga zango na gaba, kada mu ɓata lokacinmu. Haƙoransa na kaɗawa har ba a jin maganar sosai. Zango na gaba kuwa da nisa, kuma leɓɓan matar sun fara canza launi. Hadijatu ta tattare zane ta gangara, ta leƙa ta taga ta kama hannunta, ta ce da ni da Hausa, "Malam, matar nan ba za ta kai a je a dawo ba. Ɗauko sarƙa."

Na juya Zinariya, na ɗaura sarƙa a ƙarƙashinta, ɗaya bakin a bayan a-kori-kura. Motar da ta ninka ta nauyi ce, a cikin rami, a kan ƙanƙara. Na sa giya ta ɗaya na taka. Tayoyi suka yi ta juyawa a banza. Muka cire kwat da tabarmin ƙafa muka cusa ƙarƙashin taya, na sake takawa. Warin kuloci ya cika motar, allurar zafi ta haye har ƙarshe. Sai ta yi wani kuka da ban taɓa ji daga bakinta ba, wani dogon gurnani daga can cikin ƙirji, ta girgiza, ta ja. A-kori-kura ta matsa kamar taku biyu, ƙofa ta samu hanya. Muka zaro Misis Dorothy, muka kwantar da ita a kujerar baya, Hadijatu ta cire zanenta na sama ta naɗe mata ƙafafu, na kunna hita har ƙarshe. Zinariya na fitar da farin hayaƙi ta bonet ta kai mu asibiti a Greensboro ba ta tsaya ko sau ɗaya ba.

Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai an yanke ƙafar. Yanzu Misis Dorothy tana takawa da sanda, kuma yatsunta goma suna nan. Bokitin kuwa wani yaro ɗan Sedgefield mai sabuwar jif ya ci tseren ya tafi da shi na shekara guda, ya ce zai riƙa zuba ƙwallayen golf a ciki.

Tun daga ranar marigayiya ba ta sake samun lafiya ba. Ta riƙa shan ruwa ba ƙoshi. Baƙin manta ya koma fari kamar koko. Tarin safe da yake biyu ya zama bakwai, ya zama goma, wani lokaci sai yara sun tura. Na kai ta wurin Sale, bakanike ɗan zangon Kumasi da ke da gareji a High Point Road. Ya buɗe bonet, ya daɗe yana kallo, ya goge hannu ya ce, "Cale," wato aboki a bakin mutanen Kumasi, "Malam, in faɗa maka gaskiya? Injin ya tsage. Zuciyar ce."

Na ce a nemo wani.

Ya ce, "A garin nan? Sai dai ka je Kaduna."

Masu dubiya sun yi ƙoƙari, Allah ya saka. Kowa ya zo da maganinsa. Alhaji Sanusi ya ce a fasa ɗanyen ƙwai a lagireto, haka direbobin Gusau ke yi. Na fasa. Ta yi kwana biyu tana ƙamshin wainar ƙwai, karnukan unguwa na bin ta, tsagar tana nan. Wani ya ce garin barkono. Shi ma na zuba, muka yi ta atishawa har jami'a. Na ci gaba da lallaɓa ta, ina gaya mata ta daure har jirgin ruwa, saura kaɗan ta ga gida.

Ranar Talata na ɗauko 'yarmu Rumasa'u daga wurin likitan haƙori. Muka tsaya a danja. Wuta ta ba da hannu, na saki kuloci, sai ta ce tuf, sau ɗaya, a hankali, ta yi shiru. Na murɗa makulli, ko kirrr ba ta ce ba. Motocin baya suka yi ta hon, ba su san gaban wa suke ba. Rumasa'u ta tambaye ni da Turanci ko Zinariya barci take yi. Na amsa mata da Hausa cewa ta gaji ne. Wani ɗan sanda ya zo ya taya ni tura ta gefen hanya, da muka gama ya cire hularsa. Wataƙila gumi yake sharewa, amma iyali sun karɓa a matsayin ta'aziyya.

Ta rasu ta bar ni, da Hadijatu, wadda tun ranar ba ta ɗaura agogo ba, da Rumasa'u da Badaru. Ta bar Lauwali a Damagaram, wanda da aka gaya masa ta waya ya ce, "Se fini," wato ta ƙare, Hausarsa ta sake guduwa. Ta bar safaya taya guda da jak, dukansu cikin ƙoshin lafiya. Ta bar talotalon bara, wanda yara suka hana a yanka, yana zaune a bayan garejin Sale yana korar masu kawo gyara. Ta kuma bar ɗalibai masu yawa da suka shiga cikinta shekara da shekaru ba su taɓa tambayar abin da take sha ba. Iyali sun yafe musu a madadinta.

Za a karɓi gaisuwa a gidanmu kullum bayan la'asar. Ana roƙon masu zuwa kada su zo da labarin wata mota mai araha da suka gani, kuma kada a ce mini ai ƙarfe ne. Na san ƙarfe ne.

Jana'iza ranar Asabar bayan azahar. Malam Uwaisu ya ja mini kunne cewa ba a yi wa mota salla, ba a yi mata likkafani, kuma na ji na bi. Amma ya ce zai halarta a matsayin fasinja. Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun zo da janwe, Baba Kilaf ya tare su a ƙofar gareji da sandar matarsa, ya ce motar nan ba za a matse ta a yi gwangwani da ita ba. Ya ba da wuri a gonarsa, ƙarƙashin wata babbar bishiya a bayan rumfar taba, inda za ta riƙa ganin motoci suna tashi duk ranar tsere. Shi da kansa zai ja ta da taraktarsa daga garejin Sale har McLeansville. Ni zan zauna a sitiyari, tunda dole wani ya riƙe, Hadijatu a gefena, Misis Dorothy da yara a baya.

Tarakta ba ta da sauri, hanyar kuma da ɗan nisa. Masu rakiya su jera a baya, su kunna fitilu. Duk mai gaggawa ya haƙura da gaggawarsa na yini ɗaya, kada wanda ya wuce ta.